Shiga jirgin sama da kayan wasan zamiya kan ƙanƙara ba tare da aljihu ya ji jiki ba: tambayoyi da amsoshi

Daga watan Disamba zuwa Afrilu, lokacin da dusar ƙanƙara ke lulluɓe tsaunukan Turai da Amurka da Japan, filayen jiragen sama kan cika da mutane masu jan dogayen jakunkuna. A cikinsu yanzu akwai 'yan uwanmu: ɗalibai a Turkiyya da Ingila, ma'aikata a Jamus da Kanada, da yaran da aka haifa a can waɗanda makaranta ke fara kai su tsauni. Wanda ya ɗanɗana wasan ya ji daɗinsa ba ya daɗewa sai ya fara sayen kayansa, daga nan kuma sai maganar ɗaukar su a jirgi ta taso. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai yi ta tattali wata da watanni, sannan a gaban kantar awon kaya a karɓe masa kuɗin da ya kai na tikitinsa, alhali da ya san ƙa'idar tun a gida da bai biya ba. Kamfanoni kan sauya dokokinsu kusan kowace shekara, don haka kafin ka biya kuɗi ka karanta shafin kayan wasanni na kamfanin da za ka hau.

Wane kaya ake magana a kai, kuma nawa ne nauyinsu?

Cikakken kayan mutum ɗaya shi ne allunan zamiya guda biyu da maƙalan takalmi a jikinsu, sanduna biyu, takalma, da hular kwano. Allunan babban mutum tsawonsu kan kama daga santimita 150 zuwa 190, gwargwadon tsayinsa da irin wasan da yake yi. Da maƙalansu sukan yi kilo 5 zuwa 7. Takalman kuma, da yake na roba mai tauri ne, sukan yi kilo 3 zuwa 5. Mai hawa faffaɗan allo guda ya ɗan fi samun sauƙi, domin nasa ya fi gajarta kuma takalmansa ba su kai waɗancan nauyi ba. Nauyin duka bai kai ya tayar da hankali ba. Tsawon ne matsala.

Tun farko ma, in ɗauki nawa ne ko in yi haya idan na isa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace tasiri a kan kuɗin da za ka kashe, kuma amsata ga yawancin mutane ita ce: ɗauki takalmanka, ka yi hayar alluna a can.

Dalilin shi ne takalmi abu ne na ƙafar mutum ɗaya. Wanda ya sayi nasa, aka gasa masa cikinsa ya zauna daidai da ƙafarsa, ya san bambancin yini a kan tsauni cikin jin daɗi da yini ana cije baki saboda ƙauri ya kumbura. Takalmin haya ƙafafu da yawa sun shiga sun fita, ya saki, wani lokaci ma da danshi a cikinsa. Alluna kuwa ba haka suke ba. Shagunan haya a wuraren wasa na tsaunukan Alps, irin su Intersport da Skiset, suna da alluna iri-iri, an wasa bakinsu an shafa musu kaki, kuma da yawa sukan bari ka canza idan yanayin ƙanƙarar ya sauya. Wanda ya yi odar haya ta intanet tun kafin ya taso yakan samu ragi mai kyau a kan farashin wanda ya shigo shago kai tsaye.

To yaushe ɗaukar naka ya fi? Idan tafiyar ta kai mako guda ko fiye, domin kuɗin haya na ƙaruwa kullum amma kuɗin jirgi sau biyu ne kawai, zuwa da dawowa. Idan kamfanin jirgin yana ɗauka kyauta. Idan za ka Amurka, inda haya a gindin tsauni take da tsada sosai. Ko kuma idan kana hawa da ƙafa zuwa wuraren da ba a share ba, inda kayan na musamman ne kuma dole ka saba da su.

Tafiyar kwana biyu ko uku a jirgin da ke cajin kayan wasa ba ta cancanci jan doguwar jaka ba. Mai koyo kada ya sayi alluna tukuna, domin bayan mako biyu na wasa zai fi ƙarfin waɗanda ya fara da su. Yara ma haya ta fi musu, tunda ƙafarsu da tsayinsu ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Me ya sa ba a ɗaukar jakar alluna kamar kowace jaka?

Ma'aunin da yawancin kamfanoni ke bi na jakar awo shi ne kilo 23, sannan tsawo da faɗi da kauri idan an haɗa kada su wuce santimita 158. Jakar alluna tsawonta kaɗai ya wuce haka. Ba ta bin bel ɗin da sauran jakunkuna ke bi, sai ma'aikaci ya ɗauke ta da hannu ya kai ta jirgi. Shi ya sa kowane kamfani ya yi mata doka ta daban a ƙarƙashin kayan wasanni.

Akwai kamfanonin da ke ɗauka kyauta?

Akwai, kuma za a iya kasa kamfanonin gida uku.

Kashi na farko su ne masu ba ka jakar kayan zamiya kyauta a kan jakarka ta awo. Kamfanin Swiss ya yi suna a wannan, haka ma Lufthansa da Austrian, waɗanda dukkansu gida ɗaya ne. Sai dai akwai sharaɗi da mutane ke mantawa: tikiti mai araha, wanda suke kira Light, ba ya cikin wannan rangwame, kuma akwai hanyoyin da aka cire. Wanda ya yanki Light don ya rage kuɗi, sannan ya zo da alluna, sau da yawa ya fi wanda ya yanki tikitin da ke sama da shi kashe kuɗi. Yana da kyau kuma ka yi wa kayan rajista tun da wuri, domin wurin dogayen kaya a cikin jirgi yana da iyaka, musamman ranakun Asabar na lokacin sanyi.

Kashi na biyu su ne masu lissafa jakar alluna a matsayin ɗaya daga cikin jakunkunan da tikitinka ya ba ka. British Airways na karɓar ta haka idan tsawonta bai wuce santimita 190 ba kuma nauyinta na cikin ƙa'ida. Manyan kamfanonin Amurka, Delta da United da American da Alaska, da kuma Air Canada, suna da wani sauƙi da ya kamata kowa ya sani: jakar alluna da jakar takalma, su biyun, ana ƙirga su jaka ɗaya, muddin nauyinsu a haɗe bai wuce kilo 23 ba. Ba a cajin kuɗin tsawo. Idan tikitinka na da jaka kyauta, ko kana da katin banki na kamfanin da ke ba da jakar farko kyauta, ka wuce ke nan. Southwest da aka san shi da jaka biyu kyauta ga kowa ya daina hakan a watan Mayun 2025, don haka tsohuwar shawarar da ake ba mutane a kansa ba ta aiki yanzu.

Kashi na uku su ne kamfanonin tikiti mai rahusa na Turai, irin su Ryanair da easyJet da Wizz Air da Jet2. A wurinsu kayan zamiya kuɗinsu daban ne, kuma ana biya a kowace tafiya, zuwa daban dawowa daban. A Ryanair da easyJet iyakar nauyin jakar alluna kilo 20 ne, ba 23 ba, kuma wannan kilo ukun ya sha kama mutane.

Amma tikitin waɗannan masu rahusar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Me zai hana in bi su?

Babu abin da zai hana, in dai ka yi lissafin har ƙarshe. Farashin da ake nuna maka a shafin farko na mutum ne da 'yar ƙaramar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera. Ɗauki takarda ka rubuta tikiti, jakar tufafi zuwa da dawowa, jakar alluna zuwa da dawowa, sannan kuɗin mota daga filin jirgin zuwa tsauni. A ce, don misali kawai, wani kamfani ya sa tikiti yuro 60, jakar tufafi 30 kowace tafiya, jakar alluna 45 kowace tafiya. Jimla 210 ke nan. Wani kuma ya sa 190 da jaka da alluna duk a ciki. Na biyun da ya yi kama da mai tsada shi ne mai sauƙin. Wani lokaci kuma lissafin yakan nuna mai rahusar ne ya ci, musamman idan ba ka da jakar tufafi ta daban. Abin da nake roƙo shi ne kada a yanke hukunci da lambar farko.

Yaushe ya fi kyau in biya kuɗin jakar?

Lokacin da kake yankar tikiti, ko aƙalla ta intanet kafin ranar tafiya. Farashin kanta a filin jirgi ya fi tsada a kusan kowane kamfani, kuma a nan babu ciniki.

Za a bar ni in shiga da takalman cikin jirgi?

Za a bari, kuma ina ba kowa shawarar ya yi hakan. Jami'an bincike ba su hana takalman zamiya ba. Abin da za ka kula da shi girman jakar ne da nauyinta, domin wasu kamfanoni kilo 8 suke bari, wasu 10, kuma masu rahusa sukan auna jaka a bakin ƙofar shiga jirgi. Jakar goyo da aka yi don takalman takan wuce ma'auni idan an cika ta, amma ƙaramin akwatin hannu yana ɗaukar su idan ka kwantar da su kai da ƙafa. Cusa safa da safar hannu da tabarau a cikin takalman kada wurin ya tafi a banza.

Amfanin biyu ne. Ka rage wa jakar awo kilo huɗu ko biyar. Sannan idan kayanka suka makara, da safe za ka yi hayar alluna ka hau tsauni da takalminka, ranarka ba ta lalace ba. Hular kwano ma gara ta kasance tare da kai, domin idan aka danne ta da kaya masu nauyi tana iya tsagewa daga ciki ba ka gani ba, kuma kanka take karewa.

Zan iya cusa tufafina cikin jakar alluna in huta da biyan jaka ta biyu?

Wannan ita ce dabarar da ta fi rage kuɗi, kuma mutane da yawa na yin ta. Alluna da sanduna ba su wuce kilo 8 ba, saura kilo 12 ko 15 ke nan a banza. Rigar sanyi, wandon wasa da rigunan ciki duk za su shiga, kuma su ne za su kare allunan daga bugu. Da jakar alluna da jakar hannu kawai mutum zai iya yin mako guda, tunda a tsauni kusan kaya ɗaya ake sawa kullum.

Sai dai ka karanta ƙa'idar kamfanin. Wasu ba ruwansu da abin da ke ciki in dai nauyi bai haura ba. Wasu kuma sun rubuta cewa rangwamen na kayan wasa ne kawai, musamman jakar takalma a kamfanonin Amurka, wadda idan aka ga an cika ta da wasu kaya za a iya ƙirga ta jaka mai zaman kanta. Idan jakar ta kumbura har zif na neman fashewa, ita ce ma'aikaci zai ce a buɗe. Duk wanda ya taɓa tsayawa awon kayan alhazai a Jidda ya san yadda ake ji idan aka ce a rage kaya ga layi a bayanka. Sayi ɗan ƙaramin sikelin hannu ka auna tun a gida, ka bar sararin kilo guda, domin kayan da suka sha danshin ƙanƙara sun fi nauyi a dawowa.

Mu biyu ne. Za mu iya haɗa allunanmu a jaka ɗaya?

Sau da yawa za ku iya, kuma kuɗin ya rabu biyu ke nan. Jakar da ke ɗaukar alluna na mutum biyu tana da taya, amma ita kanta tana da nauyi, wata takan kai kilo 4 ko 5 ba komai a ciki. Da alluna huɗu da sanduna huɗu kun kusa kilo 20, don haka ba sauran wurin tufafi. Wasu kamfanoni sun amince da haka a rubuce, wasu kuma sun ce kayan mutum ɗaya a jaka ɗaya, musamman masu ɗauka kyauta.

Wace irin jaka zan saya, kuma yaya ake shirya ta?

Akwai siririya marar katifa, akwai mai katifa, akwai kuma ta roba mai tauri kamar bututu. Siririyar ta mota ce da jirgin ƙasa, ban yarda a ba jirgin sama ita ba sai an naɗe allunan sosai. Mai taurin ta fi kariya amma tana cin kilo kuma ba ta ɗaukar tufafi da yawa. Mai katifa da taya ita ce tsaka-tsaki. A ƙarshen kakar wasa, wajen Maris da Afrilu, shaguna kan karya farashinsu, kuma ta hannu ma tana aiki in dai zif ɗinta lafiya lau ne.

Wajen shiryawa, haɗa allunan ciki da ciki ka ɗaure su sama da ƙasa da maɗaurinsu, da ɗan soso a tsakani kada su goge juna. Maƙalan takalmi suna da wasu ƙananan ƙarafa biyu na birki da ke leƙowa ƙasa. Ɗaga su ka riƙe da roba mai kauri, in ba haka ba sukan lanƙwashe ko su huda jakar. Kan allo da gindinsa su ne ke shan bugu idan aka jefa jaka, saboda haka nan za ka naɗa rigar sanyi ko tawul. Bakin allo yana da kaifi sosai, yana yanka tufa, don haka sa tufafi masu tsada a leda ko ƙaramar jaka kafin su shiga. Sanduna su kwanta a gefe, a rufe tsininsu. Idan jakar ta fi allunan tsawo, naɗe rarar ka ɗaure, kada su riƙa kai da komo a ciki. Kafin ka ja zif ka ɗauki hoton kayan, sannan ka rubuta sunanka da lambar wayarka a ciki da waje. Ƙaramar na'urar bin sawu irin AirTag tana da amfani ƙwarai, domin kusan duk jakunkunan nan baƙaƙe ne masu kama da juna.

Akwai abin da aka hana?

Sanduna ba sa shiga jakar hannu a Amurka, kuma a yawancin filayen jirgi haka ne. Kayan da ake wasa bakin allo da su da sukudireba su tafi cikin jakar awo. Ruwan goge kaki yana kama wuta, a bar shi a gida. Batiran safar hannu ko safa masu ɗumama jiki, idan a ware suke, jakar hannu suke shiga, ba ta awo ba, haka ma fawa-bank.

Wanda ke da jakar goyo mai kumbura ta kariya daga zaftarewar ƙanƙara shi ne ke da aiki. Dokar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta yarda da guda ɗaya ga kowane fasinja tare da tukunyar iskarta, amma da sharaɗin kamfanin ya amince tun kafin tafiya. A Amurka kuwa ba a barin tukunyar da ke cike ta wuce, sai an fitar da iskar an sake cikawa a can. Jakunkunan da ke kumbura da lantarki sun fi sauƙin tafiya saboda wannan.

Me zan tarar a filin jirgi ranar tafiya?

A kanta za a auna jakar a manna mata lamba, amma ba za ta bi bel ɗin nan ba. Za a nuna maka wata taga ta dogayen kaya, wani lokaci can ƙarshen zauren, kai za ka ja ta ka kai. Kada ka jingine ta a gefen kanta ka tafi, ka tsaya har ka ga an karɓa. A Geneva ranar Asabar a watan Fabrairu layin wannan taga kaɗai yakan yi tsawo, ga iyalai da yara, ga jakunkuna a ƙasa ana tsallakewa, saboda haka ƙara rabin awa a kan lokacin da ka saba zuwa. Idan ka sauka ma haka ne: jakar ba ta fitowa tare da sauran, akwai ƙofa ko bel na daban, kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshe. Mutane kan tsaya a bel na kowa suna zaton kayansu sun ɓata alhali suna jingine a bango a bayansu. Adana 'yar takardar lambar da aka ba ka.

Idan tafiyar ta haɗa kamfani biyu ko akwai yada zango fa?

Idan tikiti ɗaya ne, sau ɗaya za ka biya kowace tafiya kuma galibi kayan za su wuce har inda za ka. Amma ka duba wane kamfani ne ainihin mai jirgin, domin kana iya saye a hannun wanda ke ɗauka kyauta a sa ka a jirgin abokin hulɗarsa mai wata doka. Idan kuwa tikiti biyu ka yanka daban-daban don neman sauƙi, za ka karɓi kayan a tsakiya, ka sake awo, ka sake biya, kuma idan jirgin farko ya makara babu wanda zai ɗauki alhakin na biyu. Da dogayen kaya kada zangon ya gaza awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Fasinja na iya gudu ya kama jirgi, jakar da ake ɗauka da hannu ba ta gudu.

Wane lokaci ne tikiti ya fi sauƙi?

Makonnin Janairu bayan hutun sabuwar shekara, sai kuma tsakiyar Maris zuwa gaba. Guji makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da watan Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa da Ingila, da ƙarshen makon hutun ranar shugabanni a Amurka, wanda ke faɗowa Litinin ta uku a Fabrairu. A tsaunukan Alps ranar Asabar ce ake sauya baƙi a masaukai, shi ya sa jiragenta suka fi tsada da cunkoso. Wanda zai iya tashi Talata ko Laraba ya samu sauƙin tikiti da na hanya.

Wane filin jirgi zan sauka, kuma yaya zan kai kayan tsauni?

A nan kuɗi ke zurarewa ba a lura ba. Filin jirgi mai araha da ke nesa da tsauni na iya cinye duk abin da ka rage. Geneva na da kusanci da Chamonix, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma akwai motocin haɗaka da yawa. Filayen Geneva da Zurich duka suna da tashar jirgin ƙasa a jikinsu, kuma jiragen ƙasan Suwizalan sun saba da masu alluna. Innsbruck a Ostiriya tana tsakiyar tsaunuka ne. Turin da Bergamo ƙofofi ne na tsaunukan Italiya. Mai neman sauƙi gaba ɗaya ya duba Sofiya ta Balgeriya, inda ake zuwa Borovets da Bansko, ko Krakow don zuwa Zakopane. Ɗalibanmu na Turkiyya suna da sa'a: Erciyes na kusa da Kayseri, Palandöken kuma a bakin garin Erzurum yake, Uludağ na saman Bursa wadda ba ta buƙatar jirgi ma daga Santambul. A Amurka, daga Salt Lake City ba a cika awa ɗaya ba ake isa Park City, amma daga Denver zuwa Vail wajen awa biyu ne idan hanya ta yi kyau.

Idan motar haɗaka za ka hau, faɗa musu kana da alluna tun wajen biya, wasu na caji. Idan hayar mota za ka yi, tabbatar kujerar baya na kwantawa, in ba haka ba sai ka biya hayar maɗaurin saman mota. A yankunan tsaunukan Faransa doka ta wajabta tayar sanyi ko sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, manyan titunan Suwizalan kuma sai da sitika ta faran 40 na kuɗin ƙasar. Tambayi kamfanin ko motar na da su.

Ni daga Abuja ko Kano ko Yamai zan taso. Akwai abin da ya bambanta?

Tikitin doguwar tafiya daga Afirka ta Yamma sau da yawa yana zuwa da jaka biyu masu kilo 23, wanda ya ishe ka kayan sanyi da takalma. Amma ga mai tasowa daga gida, haya ce hanya, tunda ba wasan da zai yi kowane mako ba ne. Abin da ya fi muhimmanci biza ne. Suwizalan da Ostiriya da Faransa da Italiya duk bizar Shengen ɗaya ce, Balgeriya ma ta shiga. Andora kuwa ba ta ciki, kuma ba a shigarta sai ta Faransa ko Sifaniya, don haka mai bizar shiga sau ɗaya na iya samun matsala wajen dawowa. A nemi mai shiga da yawa. A nahiyarmu ma ana wasan, a Oukaïmeden da ke saman Marrakesh a Maroko da kuma Afriski a Lesotho, wanda kakarsa ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta. Wanda yake so ya gwada kafin ya kashe kuɗin tafiya, akwai wuraren wasa na cikin gini a Dubai da Alƙahira inda ake ba da komai har rigar sanyi.

Idan kayan suka ɓata ko suka karye fa?

Kada ka fita daga zauren karɓar kaya. Buɗe jakar a nan ka duba, idan akwai matsala ka je ofishin kayan kamfanin a cika maka fom ɗin rahoto, ka karɓi lambarsa. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki. Ta ba ka kwana 7 ka shigar da ƙorafi a rubuce idan kaya sun lalace, da kwana 21 daga ranar da aka kawo maka su idan makara suka yi. Kayan da suka wuce kwana 21 ba su zo ba ana ɗaukar su sun ɓata. Iyakar diyya tun ƙarshen Disambar 2024 ita ce 1,519 na ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato wajen dala dubu biyu, ga kowane fasinja ba kowace jaka ba. Idan ka yi hayar alluna ko ka sayi safar hannu saboda kayanka sun makara, ajiye rasit, domin da shi za ka nemi a mayar maka. Rasit ɗin sayen allunan da hoton da ka ɗauka a gida su ne hujjarka idan an zo maganar karyewa.

Inshorar tafiya da nake da ita ta wadatar?

Galibi ba ta wadatar ba, kuma wannan ne wurin da ba na so kowa ya yi tsimi. Inshorar da ake nema wajen bizar Shengen, mai ɗaukar nauyin jinya na aƙalla yuro 30,000, sau da yawa ta cire wasannin ƙanƙara. Sai ka nemi ƙarin da ya ambace su da suna, wanda ya haɗa da sauko da mutum daga tsauni idan ya ji rauni, da kayan wasa naka ko na haya. A wurare da yawa ceton da ake yi a kan tsauni kuɗi ne, idan kuma jirgi mai saukar ungulu ya shigo ciki, kuɗin ya fi ƙarfin yawancinmu. A Italiya tun farkon 2022 doka ta wajabta wa duk mai wasan ya kasance da inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani, kuma ana sayen ta tare da katin hawa tsauni.

Ba za a iya aika kayan su riga ni isa ba?

Za a iya. Akwai kamfanoni irin su Ship Skis da Send My Bag da ke ɗauka daga ƙofar gida su kai masauki. Sauƙin jiki suke sayarwa, ba kasafai suke fin jirgi araha ba, kuma idan kayan za su tsallaka iyakar kwastan, kamar daga Ingila zuwa Faransa, akwai takardu da yiwuwar jinkiri. Japan ce ta fita daban: a filin jirgi za ka miƙa jakar ga kamfanin aike irin Yamato, su kai ta masaukinka a Niseko ko Hakuba cikin kwana ɗaya ko biyu a farashi mai sauƙi, kai kuma ka shiga jirgin ƙasa hannu sake.

Wanda ke komawa tsauni ɗaya sau da yawa a kaka guda ya tambayi shagon haya ko masaukinsa ko suna ajiye kaya, ko kuma ya yi hayar alluna ta kaka sukutum, wadda shaguna da yawa ke bayarwa tun watan Oktoba ko Nuwamba. Takalman dai su dawo gida tare da kai, a ciro cikinsu a shanya su bushe, sannan a ɗaure maɓallansu sako-sako kafin a ajiye, don kada robar ta buɗe ta sauya siffa kafin wata tafiyar.